Barcin Tutu Penioni

Ran da jirgin ruwa ya kawo baƙin coci daga Suva, babban birnin ƙasa, ran nan kowa a ƙauyenmu ya ga abin da mu 'yan gida muka daɗe muna rufewa. Kakana, Tutu Penioni, ya durƙusa a tsakiyar zauren taro zai yi wa baƙi maraba, aikin da yake yi tun kafin a haifi ubana. Ya kira kirarin ƙasarmu daidai. Da ya zo kan na baƙin, sai ya kira na wasu mutane can daban, waɗanda ko jituwa ba sa yi da su. Ya tsaya, ya sake farawa, ya sake kiran wancan ɗin. Can da aka miƙo masa ƙoƙon yaqona, abin shanmu na gargajiya da ake jiƙawa daga dakakkiyar saiwa, ya tafa hannu ya karɓa, sai kansa ya yi ƙasa a hankali, ƙoƙon ya karkace, ruwan ya bi zanensa. Barci ne ya ɗauke shi, da rana tsaka, a gaban baƙi.

Kunyar ta kowa ce, amma ni abin ya fi soka, domin ina da magana a ƙasa.

Ina son Vasiti. Nas ce a ƙaramin asibitin da ke ƙetaren gaɓa, a ƙauyensu. Na karanta littattafan soyayya iya karantawa, duk waɗanda malamai suka tafi suka bari a kabad ɗin makaranta, har da waɗanda gara ta cinye ƙarshensu na ƙarasa da kaina. Babu ɗaya da ya gaya mini cewa mutum zai iya rasa natsuwarsa a kan yarinyar da ta ɗaure masa yatsa da bandeji tana yi masa faɗa. Mun gama magana tsakaninmu. Abin da ya rage shi ne manya su ƙetara da tabua, haƙorin nan na babbar dabbar teku, su nemi aurenta. Danginta sun ce a zo a hutun Kirsimeti, lokacin da 'yan'uwanta na Auckland za su dawo gida.

Ubana ya rasu ina ƙarami. Tutu da matarsa, Bubu Salanieta, su suka rene ni. Tun ina rarrafe Tutu ya naɗe wani tabua a tsumma ya ajiye a ƙasan akwati, yana cewa, "Wannan na ɗan banzan nan ne, in har an sami wadda idonta ya rufe." Ban taɓa tunanin wani hannu zai riƙe shi ba sai nasa.

Washegarin abin kunyar, gwaggona Nei Akanisi ta kira ni madafa. Tana kankare kwakwa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Eroni, zauna. Mijina zai yi maganar neman auren."

"Momo Sailosi? Nei, mutumin da in ya buɗe baki sai ka ce an tayar da injin kwalekwale?"

"Injin dai yana kai mutum inda za shi. Kai so kake kakanka ya je gidan surukai ya nema maka auren akuyarsu?"

"Nei!"

"To ƙarya na yi? Shekaranjiya ya tambaye ni ko na ci abinci sau uku a zama ɗaya. Ya sa buta a wuta ya tafi coci." Muryarta ta karye, ta ƙara ƙarfin kankarar don kada in ji. "Ubana ne kafin ya zama kakanka. Tsufa ne ya zo, ƙwaƙwalwar ta tafi. Kada mu kai shi inda za a yi masa dariya."

Na fita bakin teku na yi kuka irin na jaruman littattafaina, sai dai su ba a cewa majina ta zubo musu.

A makon da ya biyo baya Tutu ya faɗi a bakin ƙofar wanka, goshinsa ya kumbura. Ranar kuwa ta zagayen asibiti ce, Vasiti ta zo ƙauyenmu da jakarta don auna jinin tsofaffi. Bisa ladabi bai kamata ta shiga gidanmu ba tun ba a nemi aurenta ba, amma farar riga tana shiga inda budurwa ba ta shiga. Ta zauna ƙasa nesa da shi, ta gaishe shi.

"A'a, amaryata ce da kanta?" in ji Tutu. "Ki rabu da wannan mai ƙafa kamar sandar tuƙi, ki zo ga namiji."

"Namijin da ƙofar wanka ta kayar, Tutu?"

Ya yi dariya har da tari. Ta duba goshin, ta haska idonsa, ta sa ya miƙe ya taka. Yana tafiya yana laluben bango.

"Wane magani kake sha?"

"Ni? Ko na ciwon kai ban sani ba. Giya kuwa tun da aka yi mini baftisma ba ta taɓa leɓena ba."

"Ko ɗaya?"

"Sai 'yar ƙwayar barci. Wannan ai ba magani ba ce."

Vasiti ta dube ni, na dubi Nei. Nei ta ce, "Wannan ni nake ba shi. Ragowar nawa ne, na lokacin da aka yi mini aiki. Ɗai-ɗai ne, ba kullum ba."

"Zan iya gani, Tutu?"

Ya dubi Nei. Sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo gwangwanin biskit, wanda Bubu take ajiye zare da allura a ciki. Da ya buɗe, Nei ta dafe ƙirji. Ƙwayoyi ne fal: farare, shuɗaye, masu ruwan goro, wasu a katinsu, wasu a ƙulle cikin leda, wasu da sunan mutanen da na sani a jikin kwalinsu.

Ga yadda abin ya faru. Lokacin da Bubu ta rasu, shekara uku ke nan, barci ya ƙaurace wa Tutu. Wani likita a Suva ya rubuta masa ƙwaya ta mako biyu, ya ce daga nan ya daina. Da ta ƙare, Tutu bai koma wurin likita ba. Kerekere ya yi. A wajenmu kuwa idan ɗan'uwa ya ce maka kerekere, ya roƙe ka ke nan roƙon da ba a cewa a'a, ko rigar jikinka ce sai ka tuɓe. Balle a ce dattijo ne, balle a ce mai takaba. Ya roƙi Nei, ya roƙi wata 'yarsa da ke aikin jinyar tsofaffi a Sydney, ya roƙi matar fasto, ya roƙi mai kwalekwalen da ke kai doya kasuwa. Kowa ya nemo ta inda zai iya ya kawo a ɓoye, don kada a ji sirrin dattijo, kowa kuma yana zaton shi kaɗai ne mai tausayi. Ga yaqona kullum da yamma, shi ne kuma mai shan ƙoƙo na biyu bayan sarki.

"Nawa kake sha?" in ji Vasiti.

"Da ɗaya ce. Da ta daina ji, na ƙara mata 'yar'uwa. In dare ya yi gardama, a kira ta uku."

Nei ta yi wuf ta fizge gwangwanin. "Yau teku za ta yi barci!"

"Nei, don Allah kar ki zubar!" Ban taɓa jin Vasiti ta ɗaga murya ba sai ran nan. "In ya daina lokaci ɗaya bayan shekara uku, jikinsa zai iya kama rawa, har farfaɗiya. Sai a hankali, kuma sai da likita."

Tutu ya miƙa hannu. Nei, mace mai jikoki, ta mayar masa da gwangwanin kamar yarinyar da aka kama da sukari. Ya rungume shi a ƙirji.

"Ku yara ne," ya ce. "Ba ku san tsawon dare ba. Shekara hamsin ina kwana da numfashin mutum a gefena. Yanzu in na miƙa hannu, tabarma nake taɓawa. Wannan abin yana kashe mini fitila, shi ke nan, sai safe. Ba likitan da zan je wurinsa. Ku tashi ku ba ni wuri."

Na raka Vasiti bakin kwalekwale. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba: mai yiwuwa ciwon mantuwa ne na gaske ya fara, mai yiwuwa kuma ƙwayoyin ne da yaqona suka taru suka danne shi, ko duka biyun. Jikin tsoho ba ya saurin fitar da irin wannan magani, sai ya wuni da shi a jini. Ba za a sani ba sai an janye.

"To ki gaya masa mana."

"Ni wa? Yarinyar da ko tambayarta ba a zo yi ba? Ko Nei ba ta isa ta ba shi umarni ba. Kai ne mai karatun littattafai, nemo dabara."

A littattafai ban samo ba. A gonar Momo Sailosi na samo, da na ga saiwar yaqona a shanye, wadda ake kai wa manya idan za a yi musu babban roƙo.

Da safe na yi wanka, na ɗaura zanen coci, na ɗauki ƙullin saiwa mai kyau. Tutu yana zaune a baranda, shayin ganyen lemo yana hucewa a gabansa. Na shigo a duƙe kamar baƙo, na zauna can ƙasa, na ajiye saiwar a tsakaninmu, na tafa hannu.

"Kai kuma lafiya? Wa ya mutu?"

"Tutu, kerekere."

Ya kafe ni da ido. Na ga ya gane tun kafin in ƙarasa.

"Ka kiyaye ni, Eroni."

"Kerekere, Tutu. Gwangwanin Bubu nake roƙo, da abin da ke ciki. Da kuma rakiya zuwa wurin likita." Na shirya jawabi mai tsawo, da teku a ciki da taurari, amma duk ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ba na son Momo ya riƙe tabuana. Kai nake so."

Ya daɗe yana kallon teku. Leɓensa yana motsi. Shi da ya shekara uku yana cin albarkacin wannan kalma, ya san ba shi da ƙofar fita.

"Ɗan banza," ya ce a hankali. "Da sandata ka doke ni."

Ya ɗora hannu a kan saiwar, alamar ya karɓa. Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin, ya ajiye a gabana.

Likitar wata 'yar siririya ce mai gilashi, tana zuwa tsibirinmu sau ɗaya a wata. Ta zazzage gwangwanin a tebur ta duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, in ka sha waɗannan, kana tashi da ƙarfi?"

"Ina tashi kamar an jiƙa buhu."

"Saboda sumar da kai suke yi, ba barci suke ba ka ba. Barcin gaske yana da zurfi, a can ƙasa ne ƙwaƙwalwa take hutawa ta adana abin da ta gani da rana. Waɗannan suna rufe maka ido, amma suna rage maka wannan zurfin."

"To in na bari, kaina zai dawo?"

"Wani abu zai dawo, ina sa rai. Duka? Ban sani ba. Ko masu bincike ba su gama sanin abin da shekaru na shan irin wannan suke bari a ƙwaƙwalwa ba. Abin da na sani shi ne, in ka ci gaba, faɗuwa ta gaba ƙashin ƙugu ne."

Ta zaɓi iri ɗaya ta kwashe sauran. Ta ce a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, Vasiti ta riƙa aiko na kowane mako. Ya tashi lokaci ɗaya kullum, ya sha hasken safe, ban da doguwar kwanciyar rana. Yaqona kuma a ajiye.

"Yarinya, ni ne mai ƙoƙo na biyu. In na ƙi sha na zagi sarki."

"Ba a sha wa mutum?" in ji likita.

Tutu ya juyo ya dube ni, wani murmushin mugunta ya bazu a fuskarsa.

Haka na zama mai shan yaqonar Tutu. Kullum da yamma in zauna a bayansa, a miƙo masa ya taɓa ƙoƙon ya miƙo mini, in shanye nasa in shanye nawa. Tsofaffin ƙauye suka mai da ni abin wasa, suna cika ƙoƙon har baki. Leɓena ya mutu, fatar ƙafata ta fara ɓawo. Vasiti ta gan ni ina gyangyaɗi a bencin asibiti ta ce, "Na warkar da tsoho na samo wani. Anya ba Tutun zan aura ba?"

Amma watannin nan ba wasa ba ne. Duk lokacin da aka rage, sai Tutu ya wayi gari da jajayen idanu, yana zufa, yana faɗa da kowa har kaji. Ya jefi Nei da cokali. Wata safiya na same shi a bakin kabarin Bubu da raɓa a kafaɗarsa, ya ce mini, "Ka mayar mini da abina. Kerekere." Ni ma ba ni da ikon cewa a'a. Na durƙusa na ce, "In ka sake faɗa, Tutu, zan je in roƙo maka." Ya dube ni, ya dubi kabarin. Bai sake faɗa ba. Da Vasiti ta ji, ta gaya wa likita, aka sassauta ragin, aka ja shi ya fi yadda aka tsara tsawo.

Muka riƙa fita da sassafe mu bi bakin ruwa har wajen duwatsu, yana bita da ƙarfi, yana kiran kirarin ƙasashe ga kaguwa da tsuntsaye. Wata rana ya kawo duka, wata rana ya ɓata a tsakiya ya yi tsaki. Ya daina laluben bango. Ya tuna inda ya ajiye ƙugiyar kamun kifinsa tun bara. Amma buta ya sake barinta a wuta.

Sai wata safiya, ana saura kaɗan Kirsimeti, na fito na tarar ya riga ni. Yana zaune a kan kwalekwalen da aka kife, fuskarsa sharkaf.

"Tutu, wani abu ne?"

"Ta zo."

"Wa?"

"Kakarka mana, sakarai. Na yi mafarkinta." Ya share hanci da bayan hannu. "Tun da aka binne ta ban gan ta ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka fushi take da ni. Ashe ni na kulle ƙofa na kwanta a bayanta."

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi wa ya taɓa mata gwangwanin zare."

Muka yi dariya muna kuka, mu biyu, har masunta suka tsaya kallonmu.

Nei ba ta sauka daga bakanta gaba ɗaya ba. Ta ce, "To, bari ya yi maganar. Amma Sailosi zai zauna dab da bayansa, in ya karkace ya karɓa." Tutu ya ce ba laifi, kowane kwalekwale yana tafiya da injin ko-ta-kwana.

Ran tafiya muka ƙetara da kwalekwale uku. Gidan su Vasiti ya cika har tagogi, 'yan Auckland suna ta ɗaga waya. Mata suna can ƙarshen ɗaki, Vasiti a cikinsu, kanta a ƙasa. Tutu ya matsa tsakiya a kan gwiwoyinsa, ya warware tsumman, ya ɗaga tabua da igiyarsa. Ya yi gyaran murya.

Ya kira kirarin ƙasarsu, da na gidan sarautarsu, da na kakannin da suka fara sauka a wannan gaɓa, ɗaya bayan ɗaya, babu tuntuɓe. Muryar da na sani tun ina goye ce ta dawo, mai kauri, mai tafiya a hankali. Na ga wani tsoho a cikinsu yana gyaɗa kai, idonsa a rufe. Ya kira namu. Ya ce mun zo da ƙaramin abu a hannu da babban roƙo a baki. Ya ce, "Mun zo neman 'yarku..."

Ya tsaya.

Na san wannan tsayuwar. Sunan ne ya ɓace. Na ga yatsunsa suna murza igiyar, na ga gumi a ƙeyarsa. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ruwa yana dukan gindin kwalekwale a waje. Momo Sailosi ya fara matsowa. Tutu ya ɗaga hannu ɗaya, bai waiwaya ba, Momo ya koma ya zauna.

"Ku gafarce ni," in ji Tutu. "Na tsufa, kuma na yi wa kaina ɓarna da hannuna. Sunan ya fita daga bakina yanzun nan. Amma na san wadda na zo nema. Ita ce wadda ta shigo gidana da farar riga ta tarar da ni a kwance da raina, ta tashe ni. Ta dalilinta na sake ganin fuskar matata. In kuna da irinta biyu, ku ba ni ko wacce. In ɗaya ce, ita nake roƙo wa jikana."

Daga can cikin mata wata tsohuwa ta fashe da kuka. Mahaifin Vasiti ya matso, ya sa hannu biyu ya karɓi tabua, ya sumbaci igiyar.

"Ɗaya ce, Tutu," ya ce. "Sunanta Vasiti. Mun ba ku."

Aka tafa hannu. Ni dai ban ga komai ba daga nan, idona ya cika.

A hanyar dawowa rana ta yi sanyi, Tutu yana zaune a gaban kwalekwale, tsumman da babu komai a ciki yana kan cinyarsa. Na matsa kusa da shi.

"Tutu, yaya sunan matata?"

"Vasiti. Ka ɗauka na manta ne? Salo ne, yaro. Ku 'yan littafi me kuka sani."

Nei ta dube ni ta kawar da kai. Mun san ya manta, shi ma ya san mun sani. Har yanzu akwai rabin ƙwaya da yake sha, likita ta ce sai bayan sabuwar shekara za a gwada cire ta, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Kafin mu kai gaɓarmu ya jingina da kafaɗata. Na ɗauka irin barcin nan ne na da. Sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa.

"Gobe ka mayar mini da gwangwanin. Wofi. Ka zuba mata zarenta a ciki, kar ta dawo ta same ni ban gyara ba."